Na canja faibar kuloci amma babur ɗina na daji ya koma zamewa, ina matsalar take?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu don in fahimce ka sosai. Ka ce babur ɗinka na daji ne, 250 fo-sitirok mai wayar kuloci, ka canja faiba, wato filet ɗin kuloci masu kamawa, ko wata biyu ba a yi ba amma ya koma gidan jiya, in ka ja totur a giya ta huɗu injin sai ya yi ta kuka gudu kuma babu, sannan in ya ɗau zafi firi, wato inda babur ba ya cikin kowace giya, ba ta samuwa sai ka kashe shi tukuna. Kana tambaya ko faibar da aka sa maka ce jabu.

Toh tana iya zama jabu, ba zan ce babu ba. Amma gaskiya a shekarun da na yi ina buɗe irin waɗannan injinan, yawancin lokaci faiba ba ita ce mai laifi ba, kashe ta ake yi. Akwai abin da ya cinye ta farko, ba a nemo shi ba aka zuba sabuwa, shi ne ya sake cinye ta biyu, kuma wallahi in ka sayo ta uku ba ka gano shi ba haka zai cinye ta. Shi ya sa nake so ka ɗan yi haƙuri kar ka kwance komai tukun.

Ka fara gane yadda abin yake aiki, a taƙaice. A ciki akwai kwando, wanda mu a gareji muke ce wa basket, shi injin ke juyawa. A tsakiyarsa akwai cibiya wadda take haɗe da giya. Sai filet kala biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya, faiba tana maƙale da yatsun kwando, na ƙarfe suna maƙale da cibiya, sai murfin da ke danne su da ƙarfin sifirin. In ka saki hannu sifirin ya matse su su zama abu ɗaya, ƙarfi ya wuce zuwa taya. In ka ja hannu wata siririyar sandar ƙarfe ta ture murfin, filet su rabu. Duka wannan a cikin baƙin mai yake iyo, man shi ke sanyaya su. Shikenan. Kaga kenan matsalar kuloci kusan duk biyu ce, ko ya ƙi kamawa sosai, ko ya ƙi saki sosai. Kai kuma duka biyun gare ka a lokaci guda, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya min wani abu, zan zo kansa.

Abu na farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi rainawa, wasan hannun kuloci. Wato wannan ɗan sako-sakon da kake ji kafin waya ta fara ja. Dole ne ya kasance akwai shi. A Honda CRF littafinsu yana cewa milimita 10 zuwa 20 in ka auna a ƙarshen hannun, sauran ma kusan nan suke, in kuma a gindin hannun za ka duba to ratar wajen milimita 2 zuwa 3 ce, kamar kaurin kwabo ɗaya ko biyu. In babu wannan wasan, ma'anarsa ko ka saki hannu waya tana nan tana ɗan jan murfin, sifirin ba ya samun matse filet da dukkan ƙarfinsa, suna ta gogar juna a hankali ba ka sani ba, zafi yana taruwa. A haka kuloci sabo fil zai iya ƙonewa a fita ɗaya.

Ga inda tarkon yake, dan Allah ka kula da nan. In kana cikin yashi ko taɓo ko hawan dutse kana ta wasa da kuloci, filet suna zafi suna kumbura, sai ka ji hannun ya yi laushi, wasa ya ƙaru, har ya kusa taɓa kan babur bai saki ba. Sai mutum ya kai hannu ya murɗa ɗan abin gyaran nan na gindin hannu ya ɗaure waya, daidai ne a lokacin, ai don haka aka sa shi a wurin. Amma in injin ya huce filet suka koma girmansu, wannan ɗaurin da ka yi ya cinye wasan gaba ɗaya, gobe ka hau ba ka mayar ba, ka fita da kuloci a ɗaure. Na ga wannan ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Sannan ko ba zafi, faiba tana cinyewa tana sirancewa, kuma a irin tsarin nan na sanda duk sirancewar da ta yi wasan raguwa yake ba ƙaruwa ba, musamman sabuwar faiba a awannin farko lokacin da take zama. Wanda ya sa sabuwa ya gyara wasa sau ɗaya ya manta, bayan fita biyu uku wasan ya tafi. Don haka ka je yanzu, injin a sanyi, ka taɓa hannun. Ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe kana taɓawa, domin in an bi da waya ta hanyar da ba tata ba za ka ga wasan yana ɓacewa in ka juya gefe ɗaya.

Na biyu baƙin mai. Wane mai kake zubawa? Ba ka faɗa ba kuma ina so in sani. Kulocin nan a cikin mai yake, saboda haka man mota da aka ƙara wa sinadarin rage gogayya don tattalin fetur bai dace da shi ba, irin wanda za ka ga an rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving a cikin da'irar bayan galan. Shi aikinsa ya sa komai ya yi santsi, kai kuma kana da wuri ɗaya a injin da ba ka son santsi. Abin da za ka nema a jikin roba shi ne JASO MA ko MA2. Ma'auni ne na ƙasar Jafan da aka fito da shi a 1998 saboda wannan matsalar takamaimai, MA2 ya zo a 2006. In ka ga JASO MB ka ajiye shi, wannan na sikuta ne masu busasshen kuloci. Kauri kuma ka bi abin da littafin babur ɗinka ya ce, yawanci 10W-40 ko 10W-50. Kuma babur na daji ba da kilomita ake masa lissafin juye ba, da awa ake yi, na tsere wasu awa 10 wasu 15, domin man da ke ciki kaɗan ne, sau da yawa lita ɗaya ce ko ƙasa da haka, ga shi yana yi wa injin aiki yana yi wa giya yana kwashe dattin faiba. In kana yawan wasa da kuloci ka rage ma a kan haka.

In ka juye man ka kalle shi da kyau kafin ka zubar, ka shinshina. Ƙonanniyar faiba tana da ƙauri na daban, in ka ji sau ɗaya ba za ka manta ba. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, alminiyon ne ke cinyewa, ko kwando ko cibiya. In kuma ya yi fari-fari kamar an zuba madara to ruwa ya shiga, ko wajen tsallake rafi ko sil ɗin famfon ruwa ya mutu, kuma ruwa yana lalata faiba ya sa filet na ƙarfe su yi tsatsa su manne.

Kafin ka yanke hukunci cewa zamewa yake, ka gwada a ƙasa mai tauri ba a yashi ba, don a yashi taya ce ke juyawa a banza mutum ya ɗauka kuloci ne. Ka bari injin ya ɗumama, ka sa giya babba kana tafiya a hankali, ka buɗe totur gaba ɗaya lokaci guda. In kukan injin ya tashi sama gudu bai bi shi ba, toh ya tabbata.

Yanzu in wasa daidai ne, mai daidai ne, sai a buɗe. Aikin ba wuya gare shi. Ka wanke babur tas tukuna, musamman gefen dama, ƙwayar yashi ɗaya ba ma so ta faɗa ciki. Yawancinsu suna da ɗan ƙaramin murfi na kuloci daban, in ka rufe fetur ka kwantar da babur a gefen hagu za ka iya buɗewa ba tare da ka juye mai ba, amma kai tunda naka ya ƙone ka juye kawai. Notocin sifirin ka sassauta su kaɗan kaɗan, wannan sai na gabansa, kar ka cire ɗaya gaba ɗaya sauran suna ɗaure. In ka ɗaga murfin matsi ka lura da ɗan boris da washa da ke bayansa, wasu akwai ƙaramin ƙwallon ƙarfe a bakin sanda, yana son faɗuwa ya ɓace. Filet kuma ka fito da su ka jera yadda ka same su, ka ɗau hoto da waya, domin a babura da yawa ta farko ko ta ƙarshe ba irin sauran ba ce.

Na ce zan dawo kan zamewa da ƙin saki a tare. Abin da nake zargi shi ne wancan karon faiba kawai aka canja aka bar tsofaffin filet na ƙarfe da tsofaffin sifirin. Ana yawan yin haka don a rage kashe kuɗi, kuma a ƙarshe an fi kashewa. Kulocin da ya taɓa ƙonewa, zafin ba faiba kaɗai ya taɓa ba. Filet na ƙarfe in ka ga sun yi shuɗi ko ɗige-ɗigen baƙi sun sha wuta, kuma sau da yawa sun lanƙwashe ko ido bai gani ba. Ka ɗora kowanne a kan gilashi mai kauri, ka danna gefe ka ga ko yana rawa, ka gwada tura filageji, wato siraran ƙarafan nan na auna rata, a ƙarƙashi, iyakar da yawancin kamfanoni ke bayarwa wajen milimita 0.1 zuwa 0.15 ce, abu kamar kaurin takarda. Lanƙwasasshen filet ko ka ja hannu har ƙarshe yana nan yana taɓa na kusa da shi, shi ya sa babur ke son tafiya alhali ka riƙe kuloci, shi ya sa firi ke ɓuya in ya yi zafi, in ka saki kuma ba dukkan fuskarsa ke kamawa ba sai wuraren da suka yi tudu, sai sabuwar faiba ta ƙone a wuraren. Kaga ciwo biyu daga abu ɗaya.

Sifirin ma haka, zafi yana kashe musu ƙarfi su gajarce. Ka auna tsayinsu da baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake auna tsayi da kauri da shi, ka gwada da adadin da ke littafi, in ɗaya ya gaza ka canja duka, kar ka haɗa sabo da tsoho don matsin zai karkace. Ni dai a wurina duk kulocin da ya ƙone, sifirin sabo nake sawa ko awo ya ce suna nan, su ne mafi araha a cikin kayan gaba ɗaya. Akwai masu cusa washa a ƙarƙashin sifirin don ya ƙara matsi, wannan dabarar fitar da kai daga daji ce in ka maƙale, ba gyara ba ce, kuma in washar ta yi kauri sifirin zai haɗe kafin kuloci ya gama buɗewa.

Faiba kuwa a yawancin na Jafan sabuwa wajen milimita 3 take, iyakarta wajen 2.8, kaga bambancin ɗan kaɗan ne, ido ba zai gaya maka ba sai awo. Kuma tana iya cika awo amma ta mutu, in ta yi baƙi ta yi sumul tana ƙyalli kamar gilashi, ka sa farce ka ji ta yi tauri, ta gama aiki.

Sai kwando, nan nake so ka tsaya ka duba da natsuwa domin nan ne bakanike mai sauri yake tsallakewa. Kwandon yawanci alminiyon ne, kunnuwan faiba kuma kullum suna dukan yatsunsa duk lokacin da ka buɗe totur ko ka rufe, a hankali sai su sassaƙa masa tsagi-tsagi kamar haƙoran zarto. Ka bi gefen kowane yatsa da farcenka. In alama ce kawai ta ido farce yana wucewa sumul, ba komai. In farce yana maƙalewa to filet ma haka suke maƙalewa, in ka ja hannu ba sa rabuwa da kyau, in ka saki ba sa komawa da kyau, sai ka ji kuloci yana fizga, ko ya kama a wuri daban kowane lokaci. Cibiyar tsakiya ma ka duba tsaginta haka. Ana iya goge tsagin da magagari mai laushi, na yi sau da yawa, amma ka san cewa sayen lokaci ne kawai, domin ka ƙara faɗin wurin, kunnen faiba zai samu filin da zai ƙara dukan da ƙarfi, kuma ka goge taurin da aka yi wa saman ƙarfen, tsagin zai dawo da sauri fiye da da. In za ka yi, ka cire kwandon daga injin kar gari ya zuba ciki, ka ci daidai wa daida a kowane yatsa, in ba haka ba yatsa biyu uku ne za su ɗauki dukkan nauyin har ɗaya ya karye, kuma yatsan kwando in ya karye a cikin injin ɓarnar ba ƙarama ba ce. In tsagin ya yi zurfi ka canja kawai. Akwai na kamfani irin su Hinson da aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe aka taurara, suna daɗewa sosai. Ka kuma riƙe babban giyan da ke bayan kwandon ka murɗa, in yana girgiza da yawa robobin da ke ciki sun mutu, su ne ke sa wannan ƙarar kwaram-kwaram a silo wadda take ɓacewa in ka ja hannu.

Wajen kwance babban notin tsakiya, dan girman Allah kar ka cusa sukundireba tsakanin yatsun kwando don ka riƙe shi. Akwai abin riƙewa na musamman, in babu ka yi shi da tsofaffin filet, ka haɗa faiba ɗaya da na ƙarfe ɗaya da kusa. Washar da ake lanƙwasawa ta kulle notin kuma sabuwa ake sawa.

Mayarwa. Sabuwar faiba ka jiƙa ta a man da za ka zuba, ko awa ɗaya ce, in ta kwana ma ya fi, kar ka sa ta a bushe. Filet na ƙarfe in ka shafa gefensu za ka ji ɓangare ɗaya yana da kaifi ɗaya a dunƙule saboda yadda aka buga su, ka sa duka su fuskanci waje ɗaya. In naka yana da siririn zoben nan mai kama da faranti a can ƙasa, yana da fuskar da yake kallo kuma faibar da ke zama a kansa ramin cikinta ya fi faɗi, hoton da ka ɗauka zai taimake ka anan. A wasu baburan faibar ƙarshe ba ta shiga tsagin sauran, tana da nata gajeren tsagi. Murfin matsi ka tabbata ya zauna daram ba rata, wasu suna da alamar da ake daidaitawa da ta cibiya. Notocin sifirin ƙanana ne kuma cikin alminiyon suke shiga, ƙarfin ɗaurinsu a ma'aunin Nm wajen 10 zuwa 12 ne a yawancin na Jafan, wasu ma 6, mutane suna karya su kullum saboda suna ɗaurewa kamar notin taya. Ka samu sifana mai awo. Kafin ka rufe, ka ja hannu kana kallo, murfin ya ɗago daidai ta kowane gefe.

Wayar kanta kar ka manta da ita. Ka cire ta daga hannu ka duba wajen kan, nan take fara tsinkewa zare-zare, in ko zare ɗaya ya fita ka canja. Waya mai datti tana iya riƙe kuloci ta hana shi komawa, ka ga zamewa alhali ciki lafiya lau. Bayan wanki ko ruwa ka sa mata mai, ka sa ɗan giris a kusar hannu.

Ga masu karantawa da hannun kulocinsu da mai yake turawa kamar birki ba da waya ba, irin KTM da Husqvarna, da KX450 daga 2019, da CRF450R daga 2021, ku ba ku da gyaran wasa, yana daidaita kansa, amma kuna da naku. Ku karanta abin da aka rubuta a murfin ɗan tankin man da ke gindin hannu, wasu man birki DOT 4 ko 5.1 suke sha, wasu musamman tsofaffin na kamfanin Magura man minaral suke sha, in ka zuba wannan a wurin wancan robobin ciki za su kumbura su lalace. Kuma kar a cika shi maƙil, don shi saɓanin birki ne, faiba tana cinyewa man yana hawa sama, in babu fili sai ya danne sanda kuloci ya fara zamewa. In hannu ya yi lagwab iska ce ta shiga, ka tura mai da sirinji daga ƙasa zuwa sama, ya fi saurin fitar da ita.

Saura hannunka kai kanka, kuma ba laifi nake ɗora maka ba, babur na daji dama da kuloci ake tuƙa shi, an yi shi ne don a ɗan zame shi a kwana da hawa. Amma akwai bambanci tsakanin ɗan taɓawa na daƙiƙa ɗaya biyu da mutum ya zauna a giya ta uku a hawan da ke son ta biyu yana riƙe da rabin kuloci har sama. In ka kafe a taɓo taya ba ta motsi, kar ka tsaya kana ba shi wuta da rabin hannu, minti ɗaya na haka ya isa ya dafa filet, ka sauka ka ɗaga bayan ka fitar da shi. In ka ji hannu ya fara laushi ka tsaya ya huce. Yatsa ɗaya a kan hannu daidai ne, amma ka lura ko kana ɗan jansa ba ka sani ba in ka gaji. In kuma yawancin hawanka a matsattsun wurare ne masu duwatsu inda giya ta ɗaya ma take maka tsawo, ka ƙara haƙori biyu ko uku a sufuroket na baya, za ka rage aikin da kake ɗora wa kuloci sosai. Wasu suna sa kulocin kamfanin Rekluse mai kama kansa, yana hana injin mutuwa a hawa, amma shi ma yana da ratar da ake dubawa kuma shi ma yana ƙonewa in ana hawa a babbar giya.

In ka haɗa sabon saiti, faiba da ƙarfe da sifirin tare, ka bi shi a hankali a awa ta farko, ka duba wasa bayan fitar farko da ta biyu injin a sanyi, ka yi juye da wuri don dattin zaman farko ya fita, ka kuma canja matatar mai. In ka buɗe ka turo min hoton yatsun kwandon da na filet ɗin ƙarfe a haske mai kyau, ka kuma gaya min sunan babur da shekararsa da abin da aka rubuta a bayan robar man da kake zubawa, sai in gaya maka ko kwandon zai ƙara tafiya ko canja shi za ka yi.